Inda Ganuwa Ta Bi

Ƙofar Dawanau, Kano.
3 ga Maris.

Zuwa ga Yaya Turai,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da yara da jikoki. Yaya ciwon gwiwar? Tun da kika yi ritaya kika koma Gumel kika yar da mu, wayarki ma sai an yi sa'a take shiga, shi ya sa na ɗauko biro.

Asibitin da kika bar mini ya zama maraya. Kin dai ji sabon tsarin da aka sakar wa ƙananan hukumomi ragamar ƙananan asibitoci, wai don a kawo aiki kusa da jama'a. Da fari har murna na yi, don na gaji da zarya zuwa ma'aikatar lafiya a kan auduga. To wajen rabo sai aka ce ganuwa ce iyaka, na ciki na wannan hukuma, na waje na waccan. Mu kuwa kin sani a kan ganuwar aka gina mu, bayan ta zube an kwashe ƙasarta. Kowace hukuma ta ɗauka muna hannun ɗayar, sunanmu bai fito a takardar kowa ba.

Makon jiya firjin magani ya mutu. Na je wajen hukumar ciki, suka ce mu 'yan waje ne. Ta waje ta ce mu 'yan birni ne. Ma'aikata ta ce ita ta miƙa tuni.

Abin da ke damuna shi ne Hadiza, 'yar Malam Lawal mai ɗinkin hula, wadda aka haifa a hannunki. Cikinta wata takwas. A haihuwar fari jini ya ɓalle mata, allurar tsayar da jini ce ta cece ta, allurar nan kuwa ba ta jure zafi. Ki sa mu a addu'a.

Taki,
Sa'ida.

28 ga Maris.

Yaya Turai,

Ina gaishe ki da kyau, da fatan zafin bana bai takura muku ba. Na ga saƙon man shanu, Allah ya saka da alheri.

An turo kwamiti ya gano inda ganuwa ta bi. Da kin ga abin, da kin yi dariya, ko ki yi kuka. Mutum shida da igiyar awo, suka tara dattawan unguwa. Wani ya ja layi da sandarsa ta bayan sito, wani ya rantse ta tsakiyar ɗakin haihuwa ta ratsa, a nan yake hawa yana yaro. Suka sha lemo suka tafi rubuta rahoto.

Ni dai kullum ina sayen ƙanƙara in zuba a kula in jera alluran, amma kafin azahar ta zama ruwa. Na ce wa Hadiza ta koma babban asibiti. Dariya ta yi, wai a ɗakin nan aka haife ta, kuma hannuna ta sani. Gaskiya maganar ta yi mini daɗi, sai ban matsa mata ba.

Ki gai da mutan gida.

Sa'ida.

12 ga Afrilu.

Yaya Turai,

Assalamu alaikum, da fatan kuna lafiya. Ki yi haƙuri, Hadiza ta rasu ranar Juma'a.

Da hantsi aka kawo ta, kan ɗa ya riga ya sauko, babu halin tura ta gaba. Ta haifi mace lafiya, sai jinin ya taso. Na yi mata allura ɗaya, na ƙara ta biyu, kamar ruwa nake zuba mata. Muka sa ta a Adaidaita Sahu muka nufi babban asibiti, ga hanya cike da masu tafiya masallaci. A cinyata ta cika kafin mu isa.

Malam Lawal bai ce mini komai ba sai godiya, kuma godiyar ta fi zagi ciwo. Tun ranar da na ga ƙanƙarar nan tana narkewa zuciyata ta faɗa mini alluran sun mutu. Na sani, na yi shiru, don kada a ce asibitinmu ba ya aiki. Wannan nauyin nawa ne, ba zan ɗora wa kwamiti ba.

Jiya takardu biyu suka iso, karo na farko da hukumomin nan suka rubuto mana. Kowace tana so in tabbatar a rubuce cewa ba a asibitinta abin ya faru ba.

Yanzu takardar haihuwar jaririyar na gabana. Na cike komai, saura gurbin ƙaramar hukuma. Yaya, ke kin ga ganuwar nan tana tsaye. Don Allah ki rubuto ki faɗa mini ta ina ta bi, in san inda zan ce an haifi yarinyar, da inda uwarta ta zubar da jininta.

Taki cikin jimami,
Sa'ida.