Ɗorawar da Ba a Sayar Mana Ba

Daga: Tiyumba Wumbei,
Ƙauyen Sakpaligu.

Zuwa ga: Mai Girma Jami'in Filaye da Gidaje,
Majalisar Gunduma.

14 ga Mayu, 2024.

Game da: Reshen bishiya da ke neman korar mu daga gidanmu

Ranka ya daɗe,

Bayan gaisuwa da girmamawa, ina neman afuwa tun farko idan na ajiye wata kalma inda ba wurinta ba, ban taɓa rubuta wa hukuma ba. Ni ɗaliba ce a babbar sakandare, 'yar Mba Wumbei mai gyaran keken ɗinki.

Shekara goma sha ɗaya muka yi a ɗakin haya guda a Tamale, mu biyar. Ranar 9 ga Janairu mahaifina ya sayi gida mai ɗaki uku a nan Sakpaligu daga hannun Mba Neindoo, da kuɗin da a birni ko harsashin gini ba za su kafa ba. An kai wa sarkin gari goro, shaidu sun dangwala. Ni kuma na samu ɗaki nawa ni kaɗai, mai ƙofa har da sakata. Ga ƙorafina:

1. A tsakar gidan akwai ƙatuwar ɗorawa, ita ce ma ta sa mahaifina ya ƙi sauran gidajen da aka nuna masa. Washegarin tarewarmu wata tsohuwa mai suna Mma Pagnaa ta shigo da kujerarta, ta ɗaura tsumma a jikin bishiyar, ta zauna. Ashe tata ce, gadon mijinta. Da mahaifina ya je wa Mba Neindoo da maganar, sai ya ce: "Haba Wumbei, gida ka taya, gida na sallama. Ka taɓa ganin an kwana a cikin ɗorawa?" Na karanta takardar cinikin sau huɗu, ranka ya daɗe. Da gaske babu bishiya a ciki.

2. Mma Pagnaa ba ta sallama. Da mahaifiyata ta yi mata magana cikin ladabi, ta ce ba wurinmu ta zo ba, wurin bishiyarta ta zo, mu maƙwabta ne kawai, kuma ta gode Allah da ya ba ta maƙwabta masu shara.

3. Daga 6 zuwa 11 ga Afrilu ta kawo mata takwas da dogayen gora suka kaɗe ɗorawar. Kwana shida ana luguden kwanon rufi a kaina, ina shirin jarrabawa. Daga nan aka dafa kalwa a bayan tagata. Ina girmama daddawa, amma yanzu duk littafin da na buɗe a aji sai maƙwabciyata ta ce yunwa take ji.

4. Wannan shi ne babba. Akwai reshe guda da ya kwanta a kan rufin ɗakina, ya huda kwanon wuri biyu, har da rana ina ganin sama. Ranar 28 ga Afrilu mahaifina ya roƙi Mma Pagnaa a sare shi. Ta ce: "Ɗana, reshen nan ya fi kowanne 'ya'ya. Ka sare ɗakin mana, ai shi ya zo ya tarar da bishiyar." Ni kuma ta dube ni ta ce: "Malama mai littafi, wane shafi ne ya ce ruwa yana kashe mutum?" Ban samu amsa ba sai bayan kwana biyu, lokacin kuwa ta manta da tambayar.

Mun kai maganar gaban sarkin gari ranar 3 ga Mayu. Ya saurare mu da kyau, sannan ya yanke cewa abin da ke sama na Mma Pagnaa ne, abin da ya faɗo ƙasa namu ne, saboda haka mu yi haƙuri reshen ya faɗo da kansa, mu yi yadda muke so da shi. Ba na ja da hukuncin manya. Sai dai inda reshen zai faɗo, nan ne gadona.

5. Ina jin nauyin rubuta wannan, amma mahaifina ya sauya sheƙa. Tun da tsohuwar ta fara aiko masa da miyar zabo, kullum da yamma suna zaune a gindin bishiyar suna hira, yana kiran ta Mma kamar ita ta haife shi. Idan na ambaci rufi sai ya ce Allah zai kawo mafita. Mahaifiyata kuwa ta rantse cewa ranar da ruwa ya sauka a cikin ɗaki, ranar za ta tattara mu mu koma Tamale wurin ƙanwarta, inda za mu zama mu tara a ɗaki biyu. Mahaifiyata ba ta rantsuwa sau biyu.

Saboda haka nake roƙon ofishinka mai albarka ya turo ma'aikaci ya duba rufin, ya zauna da sarkin gari da Mma Pagnaa, a ba da izinin sare wannan reshe guda. Ba bishiyar nake so a taɓa ba, kuma don Allah kada a ɗaga wa tsohuwar murya. Ni da kaina zan ɗauki reshen in kai mata har gida ta yi itace, idan an taimaka mini da ɗaya gefen.

Mahaifina bai san na rubuta wannan ba, don haka ina roƙon a aiko da amsa ta hannun shugabar makarantarmu. Jiya an yi yayyafi, yau kuma gabas ta yi baƙi. Na mayar da littattafaina cikin kwalayen da muka zo da su daga birni. Idan ba za a samu zuwa kafin ruwa ya zauna ba, a daure a sanar da ni, domin in san ko in bar kwalayen a buɗe ko in nemo igiyar ɗaure su.

Allah ya ƙara girma, ya ja zamaninka.

Taka mai biyayya,
Tiyumba Wumbei