Jirgin da Kowa Yake Bi

Kandakuliya, Kalpitiya
Ƙarshen watan Sha'aban

Zuwa ga ɗana Rikas,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Gaisuwa ce daga mahaifiyarka, da fatan takardar nan ta same ka lafiya, kai da abokan ɗakinka a Doha. Allah ya tsare min kai daga zafin ranar can, ya raba ka da sharrin ƙarafan da kake aiki a cikinsu, ya kai mu azumin bana da rai da lafiya. Mu nan mun gode Allah. Gwiwata tana nan da halinta, in ta ga dama ta bar ni in yi salla a tsaye, in ta ƙi sai a zaune. Yayarka Shafna ta zo mana da Hamna, yarinyar ta fara haƙori, ba abin da ta bari, har carbin Wappanka, mahaifin naka, ta tauna. Jakunan gari sun sake fasa shinge sun cinye min zogale, na bi su da tsintsiya har bakin titi, mutane suna ta dariya. Maƙwabcinmu Nilam da zai koma bakin aiki shi na ba wasiƙar, tare da busasshen kifi da yajin kwakwa. Kada ka rabar da shi rana ɗaya yadda ka saba.

Za ka yi mamakin takarda alhali kullum muna waya. Dalili shi ne duk lokacin da ka kira, Wappanka yana zaune kusa, ni kuma maganar ba ta gabansa ba ce. Ka daɗe kana yi min tambaya ɗaya: kwantiraginka ya kusa ƙarewa, ka sabunta, ko ka dawo gida ka kama aikin jirgin ruwa tare da mahaifinka kuna kai baƙi kallon dolfin, dabbobin tekun nan, kamar yadda kuka yi alkawari? Ni kuma sai in ce layi ba shi da kyau. Layi lafiyarsa ƙalau, Rikas. Duk duniya ba wanda ya kai ni son ka dawo, har mafarkinka nake yi kana shigowa da yashi a ƙafa ina yi maka faɗa. Amma ba zan ba ka amsa ba sai ka ji abin da ya faru a tekun nan bana.

Ka san aikin Wappanka. Ba ya shiga tsakiyar garke, ba ya tare musu gaba, ba ya raba uwa da ɗa. Daga gefe yake zuwa, ya rage inji har sai ka ji numfashinsu, ya zauna ya jira. Baƙon da ya ce zai faɗa ruwa ko zai jefa musu biskit, nan take zai juya da shi gaɓa. Kullum yana gaya wa baƙi cewa dabbobin nan da dare suke farauta, safiyar da muke zuwar musu lokacin barcinsu ne, don haka a shiga yadda ake shiga ɗakin mai jego. Sau nawa na yi masa gori a gabanka? Na ce mutane sun yi sawu biyu sun dawo, shi yana can zaune kamar mai jiran motar Puttalam. Amma kai ma shaida ne, shi kaɗai suke zuwa wa da kansu. Sun san ƙarar tsohon injinsa. Da sun ji, sai ka ga Mai Giɓi, wadda kai ka raɗa mata sunan saboda tsagar da ke fiffiken bayanta, ta ɓullo gefen jirgi sauran suna biye. Wannan shi ne abin da yake cewa ya ajiye maka, tunda ba shi da gona ba shi da kanti.

Tun tafiyarka jirage suka cika bakin tekun nan. Wanda bai taɓa riƙe raga ba ya sayi jirgi, mai sayar da albasa ma ya sayi jirgi. Ɗan gwaggonka Munas ya ɗaura wani sabon inji da ake jin kukansa daga masallaci. Ba sa neman dolfin, ba su ma san yadda ake nema ba, ba sa kallon tsuntsu ba sa kallon ruwa. Zama suke yi a shagon shayi su sa baƙinsu rigunan ceto, suna jira Wappanka ya tura jirgi. Da ya tashi sai su bi shi a jere. Rannan ina kai masa abin kari na ji Munas da kunnena yana cewa, "Kawu, yi sauri mana, baƙina sun ƙagu. Allah dai ya bar mana kai, kai ne idonmu." Aka kwashe da dariya. Na ce masa ido ba ya zuwa aro, ya je ya buɗe nasa, ya ce, "Haba Gwaggo, da sassafe?" Ko a jikinsa.

Da dabbobin sun taso wurin Wappanka sai jiragen su yi musu zobe. Wannan ya ratsa ta tsakiya, wancan ya tare gaba, ana buga jikin jirgi ana ihu don su yi tsallen nan nasu na juyi a sama, baƙi suna tafi. Babu abin da Wappanka bai gwada ba. Ya yi magana a taron matuƙa, kowa ya ce gaskiya ne. Ya sa liman ya yi huɗuba a kan haƙƙin dabba, kowa ya girgiza kai. Ranar da jami'an namun daji suka shiga teku, sai ka rantse duk almajiransa ne don natsuwa, washegari a koma gidan jiya. Ya gwada yin kudu da gangan inda ya san babu komai, baƙinsa suka dawo suna ƙunƙuni, masu masauki suka fara daina turo masa mutane. Abin takaicin, ko can ɗin Mai Giɓi sai ta nemo shi, jirage kuma suna bayansa.

Daga nan ya zauna a gida, ya ce in ba ya nan ai za su nisanta. Ashe yaran sun gama karantar sa. Suka koyi rage inji su yi lamo yadda yake yi, dabbobin su matso da yarda, sannan a taka musu wuta. Munas har gida ya zo, ya zauna a tabarmata ya sha shayina, ya ce wai Kawu ya sayar masa da tsohon injin tunda ya huta. Wappanka ya tashi ya shiga ɗaki. Ni na sallame shi, kuma ban raka shi ko ƙofa ba.

Bana Mai Giɓi ta haihu. Da labarin ya zo, Wappanka ya kasa zama, ya koma ruwa, yana ganin in yana wurin ko ba komai zai tsawatar. Ya ce ɗan bai fi tsawon hannunsa ba, yana manne da uwar. Wata safiya a cikin cunkoson nan farfelar wani jirgi ta sare shi. Har yau ba a san na wane ne ba, kowa ya rantse ba shi ba ne, ni kuma na daina tambaya. Uwar ba ta sake shi ba. Ta riƙa tallafo gawar da kanta tana turo ta sama wai ya yi numfashi, ta nutse ta sake ɗagowa, kwana da kwanaki. Kuma gefen jirgin Wappanka take kawo shi, Rikas. Wata baƙuwa daga Kolombo ta miƙe tana ɗaukar hoto tana cewa a duba, uwa tana wasa da ɗanta. Ya dawo ranar bai taɓa shinkafa ba. Da na matsa masa sai ya ce, "Ramiza, da can suna jin inji suke nutsewa. Ni na koya musu cewa jirgi ba abin tsoro ba ne." Na ce ba shi ya sare ɗan ba. Ya ce ya sani.

Bayan 'yan kwanaki, da muka idar da asuba, ya ce in ɗauko mayafina in raka shi. Ka san ni da teku, tun ina amarya da na yi amai a jirginsa ban sake shiga ba. Na ce wane laifi na yi? Ya ce yana bukatar wanda zai riƙe masa hannun inji, kuma ba ya son idon kowa sai nawa. Na ga ya saka wani dogon bututun ƙarfe da guduma a jirgi. Muka tura tun 'yan shagon shayi ba su taru ba.

Ban taɓa ganin su kusa haka ba. Shekara da shekaru ina cin abinci da su, ina jin labarinsu har ya ishe ni, sai ranar na gan su. Ruwa ya kwanta, rana tana fitowa, sai na ji huci ta nan huci ta can, suka kewaye mu a hankali, babu tsalle babu gaggawa. Mai Giɓi ta zo daidai inda nake zaune, ta karkata ta dube ni da ido ɗaya. A lokacin ta riga ta saki gawar. Na ji kunyar duk gorin da na yi masa. Ya bar su suka ɗan jima, yana kallon su, bakinsa yana motsi. Sannan ya zura bututun cikin ruwa ya ɗaure shi a gefen jirgi, ya ce in murɗa inji iya ƙarfinsa in nufe su. Na ce ba zan iya ba. Ya ce, "Murɗa, don Allah. In ba ni na yi ba, ba za su yarda ba."

Na murɗa. Ya ɗaga guduma ya fara dukan ƙarfen nan, ƙarar tana shiga har haƙorana, balle su da aka ce da kunne suke gani a cikin ruwa. Garken ya tarwatse. Mutumin da bai taɓa ɗaga murya a teku ba, ga shi a tsaye yana ihu yana korar su kamar yadda nake korar jakuna, hawaye yana bin gemunsa. Ita kuwa sai ta nutse ta sake ɓullowa a gefenmu, ta ɗauka kuskure ne. Ya sake bugawa. Ta sake dawowa. Ban san sau nawa ba, na rufe idona ina riƙe da inji ina salati.

Ba rana ɗaya aka yi ba. Kullum da asuba muke fita, kullum suna zuwa, amma tazarar tana ƙaruwa, masu zuwan suna raguwa. Ita ce ta ƙarshe. A safiyar da muka yi fitar ƙarshe ya rage inji yadda ya saba, muka jira har rana ta yi zafi. Can nesa na hango fiffikenta ya fito, ta tsaya jim, sai ta juya ta yi cikin teku. Ko gudumar bai ɗauka ba. Ya ce alhamdu lillahi, ya karɓi hannun injin daga wurina, muka dawo gida.

Da a ce abin ya yi magani, da na daure. Garken Mai Giɓi dai ya bar kusa, ba mai ganin su. Amma teku cike take da wasu, jiragen yanzu suna yin nisa su fatattaki duk wanda suka samu, Munas yana maganar ƙaro inji na biyu wai dabbobin sun yi wayo. Wani masunci ya hango mu a ɗaya daga cikin safiyoyin nan, labari ya zaga gari. Wasu suna cewa Jifri, wato Wappanka, ya taɓu, wasu suna cewa hassada ce, ya ga ya tsufa ya ɓata wa yara abinci. Gwaggonka ta daina shigowa gidan nan. A masallaci akwai waɗanda suke amsa sallamarsa a ciki. Ban taɓa jin na gaji da garin nan ba sai bana, ni da aka haifa a cikinsa.

Wappanka ya kife jirgin a ƙarƙashin bishiyar kwakwa. Injin ya kwance shi da kansa ya naɗe da buhu, ya kai shi ɗakinka ya ajiye, ya ce ko bayan ransa kada a sayar wa kowa a gaɓar nan. Yanzu ban-ruwa yake yi a gonar albasar wani mutum a Norochcholai, ya fita da safe ya dawo da yamma bayansa a sage. Ba ya bi ta bakin teku, ta bayan gari yake zagawa. Yana cin abinci, yana salla, yana wasa da Hamna, amma ni da na zauna da shi na san ba shi ba ne.

To ga amsarka. Ka sa hannu a takardarsu, ka sabunta. Kada ka dawo bana. In ka dawo, ko dai ka bi sahun Munas ka kashe mahaifinka da baƙin ciki, ko ka yi irin nasa ka sake koya wa dabbobin nan yarda, ƙarshenta a sake sare wani ɗan. Hanya ta uku ban gan ta ba, na kwana ina nema. Ga shi ni ce uwar da take ce wa ɗanta ya zauna a ƙasar mutane, kuma ban san ranar da zan ce maka ka taho ba. In kun yi waya ka tambaye shi albasa, ka tambaye shi azumi, kada ka tambaye shi teku.

Shafna da mijinta Irfan suna gaishe ka. Kakarka tana sa maka albarka, ta ce ka riƙa cin abinci mai zafi. Ka gaishe min da Kawunka Hanifa in kun haɗu ranar Juma'a, ka ce masa matarsa ta samu saƙo. Ka yi wa Nilam godiya.

Wappanka ya shigo ya tarar ina ninke takardar. Bai tambayi abin da na rubuta ba, ya sani. Na ce ko yana da saƙo, ya tsaya a bakin ƙofa ya ce in gaya maka ka yafe masa, abu ɗaya ya tara maka a duniya, kuma shi ya kore shi da hannunsa.

Allah ya yi maka albarka, ya haɗa fuskokinmu da alheri.

Mahaifiyarka,
Ramiza