Fentin Ɗakin Inna

Nassarawa, Kano
Watan Rajab, 1961

Zuwa ga Yaya Inuwa a Ikko,

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Allah ya sa wannan takarda ta same ka lafiya, kai da iyali, ya kuma kare ku a zaman baƙunta. Mu nan lafiya lau, sai godiya.

Yaya, gwangwanayen fentin da ka auno ta jirgin ƙasa sun iso, kuma sun yi aikin da magani bai yi ba. Ka san gidan da aka ba maigidana Malam Garba wani Bature ne ya tashi daga ciki. Ɗakin da muka sa Inna taga ɗaya gare shi, mangwaro ya tare ta, bangon kuma kore ne mai duhu. Ga yanar idon nan tata. Sai ta riƙa lalube da rana tsaka, ran nan har ta yi karo da ƙyaure goshinta ya fashe. Daga nan ta daina cin abinci sosai, ta ce a mai da ita ƙauye, ba za a binne ta da ranta ba. Na yi kuka ba kaɗan ba.

Malam ya ce a sare mangwaron, Inna ta ce ba da yawunta ba. Da kayanka suka zo, muka kira Tanko mai fenti daga Gawuna, ya shafa kowane launi kaɗan a bango. Ni fari na so, amma da ya bushe sai ya koma ruwan toka. Shuɗin kuma ya ƙara wa ɗakin sanyi. Inna ta daɗe tana kallo, sannan ta miƙa hannu ta dafa ruwan ƙwai mai hasken nan, ta ce shi kaɗai take gani. Da shi aka shafe ɗakin. Ita ce ma ta sa a bar bakin ƙofa da duhunsa don ta riƙa gane hanya.

Jiya da hantsi 'yata Ladi ta kai mata kunu. Inna ta riƙe fuskarta ta juya ta wajen hasken bango, ta duba ta da kyau, ta ce ashe yarinyar nan kunnuwanka ta ɗauko, ba wanda ya gaya mata. Ta shanye kunun tas.

Allah ya saka maka da alheri, Yaya. Inna na sa maka albarka, Malam na gaisuwa. Ka gai da Yaya Asabe da su Jibrin.

Ƙanwarka,
Uwani