Hoton Auta Mai Shuɗiyar Riga

Litinin, 3 ga Maris
Mutum biyu kacal suka shigo shago yau, su ma hoton fasfo. Yanzu kowa mai hoto ne, tunda da waya a aljihu. Na zauna ina goge tsohuwar kyamarar Baba, Allah ya jiƙansa. 'Yata Auta ta biyo daga makaranta, gaisuwar ma da ƙyar. Ba halinta ba ne.

Laraba, 5 ga Maris
Sai da mamansu ta turo ƙofa sannan ta faɗa mini. Hoton nan da na ɗauki Auta da shuɗiyar riga, wanda ta sa a shafinta. Wani ya yanke fuskar ya ɗora a hoton banza, ya watsa a guruf ɗin 'yan ajinsu. Yarinya 'yar shekara sha huɗu.
Na ce a nuna mini. Hasken da ke gefen kumatunta, ni na saita fitilarsa da hannuna.
Na karɓe wayarta na kulle a durowa. Da hannu biyu ta miƙo.

Alhamis, 6 ga Maris
Ta ƙi zuwa makaranta. Ban matsa ba.
Wuni na yi ina tuna ɗakin wankin hoto. Jan ƙwan fitila, warin magani, Baba na jijjiga faranti a hankali har fuska ta fito daga farar takarda. Mako guda mutum ke jira, ya zo karɓa da kayansa masu kyau. Na tuna wani saurayi da ya zo neman kwafin hoton wata yarinya, yana ta 'yan kame-kame. Baba ko ɗagowa bai yi ba, ya ce, "Je ka zo da ita, ta ce a ba ka." Shi ke nan dokar, kuma ta isa.

Lahadi, 9 ga Maris
Yaya ya zo. Shi a ganinsa gwamnati ta toshe intanet ɗin gaba ɗaya, kowa ya huta. Na ce, "Yaya, kai da ba ka iya wuni ba ka kalli ƙwallo a waya ba?" Ya ce wannan daban.
Ni abin da ke ci mini rai: da zan liƙa hoton 'yar wani a bangon shagona ba izini, kafin la'asar hukuma ta iso. Masu manhajar nan fa? Suna da bangon da ya fi na kowa girma, amma ba ƙofar da za ka ƙwanƙwasa. A yi dokar da za ta ce mai bango shi ke da alhakin abin da aka liƙa, ya kuma ajiye ɗan Adam da zai amsa kuka. Yaya ya ce in tsaya takara.

Talata, 11 ga Maris
Maƙwabcina mai gyaran waya ya taya ni aika ƙorafi. Amsa ta dawo nan take, wai ba su ga abin da ya saɓa ƙa'ida ba. Ya ce na'ura ce ta amsa, mu ci gaba da turawa.

Juma'a, 14 ga Maris
Shugabar makaranta ta gano mai aikin, ɗan ajin su Auta ne. Ubansa ya zo shago, ya kasa zama, ya kasa kallona. Na san shi. A kan shimfiɗar shagon nan na ɗauki hoton yaron yana rarrafe, uwar na kaɗa masa makullai don ya yi dariya. Duk maganar da na tanada sai na ajiye ta. Uban ya ce, "Wallahi ban san abin da yake yi a ɗaki ba." Ni ma ai.

Asabar, 22 ga Maris
An sauke hoton, a inda muka sani dai.
Auta ta kawo mini abinci shago. Har ta kai ƙofa sai ta juyo.
"Baba, shi ya yi laifin, ni aka ƙwace wa waya."
Na ce don in kare ta ne.
"Na sani. Amma shi ya sa ban fara gaya maka ba."
Abincin nan bai ciwu ba.

Lahadi, 30 ga Maris
Na mayar mata da wayar. Ba wai na sauka daga ra'ayina ba, durowar nake buƙata. Mun zauna a tabarma ta nuna mini yadda ake kulle shafi da toshe mutum, tana cewa, "A'a Baba, nan za ka danna," kamar ita ta haife ni. Na ce ko me ya faru, ta fara zuwa wurina, ba zan sake karɓewa ba. Ta daɗe tana kallona.
Da yamma na jiyo dariyarta daga ɗaki, ita kaɗai da wayar. Na miƙe zan leƙa. Na kai bakin labule, na dawo na zauna.