Guɗar da na yi a Lyon

Yaya Rahina,

Ina gaisuwa. Yaya ƙafar Inna? An yanke gero a Dogo-Dogo? Ni lafiya lau, sai dai shirun garin nan. Kar ki gaya wa Inna.

Jiya wata 'yar ajinmu ta kai ni wani ɗan ɗakin waƙa. Yarinya ɗaya ce da gitar, amma wallahi muryarta har cikin ƙashi. Ina ɗaukarta hoto da salula, ban san sanda na rangaɗa guɗa ba. Ashe nan tafi kawai ake yi! Kowa ya juyo, na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Sai mawaƙiyar ta yi dariya, ta ce in sake.

Na sake, Yaya. Tun zuwana, jiya na fara jin muryata.

Allah ya haɗa fuskokinmu.

Ƙanwarki, Zuwaira