Agoguna goma sha ɗaya a aljihun teburin maigidana

Assalamu alaikum Anti. Don Allah ki taimake ni da shawara, kaina ya ɗaure, kuma kwana tara kacal suka rage min in yanke hukunci. Ki yi haƙuri da rubutuna, karatuna bai yi nisa ba. 'Yata ce ta matsa in rubuto miki, wai ta gaji da jin ina magana ni kaɗai a ɗaki.

Maigidana mai gyaran agogo ne, Allah ya jiƙansa. Shekara goma sha tara ya yi a ƙarƙashin matakala, a babban ginin shagunan nan na tsakiyar gari. Ba shago ba ne sosai, lungu ne, mutum biyu ba sa tsayuwa a ciki sai ɗaya ya karkace. Tebur ɗaya ne, shi ya haɗa abinsa da hannunsa, ƙafa ɗaya ta fi sauran gajarta, har yau kwalin da ya cusa a ƙarƙashinta yana nan. Wata goma sha huɗu ke nan da rasuwarsa. Da na ɗan dawo hayyacina sai na koma na zauna a kujerarsa. Na iya canja batir, na iya sa madauri, na iya goge ƙura. Abin da ya fi ƙarfina nakan faɗa wa mutum gaskiya.

To bana aka canja masu kula da ginin, komai ya fara juyawa. Mai littattafai ya tashi, an zuba takalma a wurinsa. Mai yadin da muke gaisawa kullum ta tafi, yanzu wayoyi ake sayarwa. An ce ƙasan ginin gaba ɗaya na manyan shaguna ne masu gilashi, mu masu gyare-gyare za a haɗa mu layi ɗaya a hawa na uku, da tela, da mai yanka makulli, da mai gyaran waya. Lungunmu kuwa kujerun hutawa za a sa, da tukwanen furanni.

Mai zanen sabon tsarin ta zo da kanta. Sa'ar 'yata ce, mai ladabi, har ta rusuna ta gaishe ni. Ta nuna min hoton sabon shagon. Anti, ba zan ɓoye miki ba, na so a ce mummuna ne in samu abin fushi. Sai na ga yana da kyau, har da taga. Shekara goma sha tara bawan Allah nan yana aiki da fitila da rana tsaka, bai taɓa samun taga ba. Sai dai duk shagunan iri ɗaya ne, kantar gilashi ce, ba a yarda da teburin katako ba.

Ƙanen maigidana ya ce in tattara kayan aikin in sayar, in zauna a gida in huta, wa zai hau hawa uku don batir? Ba da mugunta ya faɗa ba, yana ganin yadda ƙafata ke kumbura. 'Yata kuma ta ce in sa hannu a takardar karɓar sabon shagon in hau.

Amma abin da ya fi ci min rai ban faɗa wa kowa ba. A aljihun teburin akwai agoguna goma sha ɗaya da ya gyara, masu su ba su zo karɓa ba. Shi ba ya rubuta suna ko lambar waya, wai ba ya manta fuska. 'Yar takarda kawai yake ɗaurawa da zare, ya rubuta abin da zai tuna mutum da shi. Ɗaya an rubuta mai tari. Ɗaya malama mai sauri. Akwai dogon nan mai dariya, akwai wanda ya ce gobe. Ni ina zan nemo wanda ya ce gobe? Huɗu irin na da ne, masu murɗawa. Kullum da safe yakan murɗa su kafin ya taɓa komai, ni ma haka nake yi, ban bari sun tsaya ba ko sau ɗaya.

A da agogunan sha biyu ne. Watan jiya wani dattijo ya zo, bai tambayi kowa ba, kai tsaye ya nufo ƙarƙashin matakala. Rashin lafiya ce ta kwantar da shi fiye da shekara. Agogon matarsa ne, ita ma ta rasu. Na samo agogon, a jikinsa an rubuta mai sanda. Ya kara shi a kunne ya ji yana tafiya, muka tsaya ni da shi muna kuka kamar yara. Anti, da furanni ya tarar fa?

In na hau, ina ji kamar na bar maigidana a ƙasa shi kaɗai. In na zauna a gida, na kulle amanar mutane a akwati. Wani lokaci kuma in na tuna tagar nan sai in ji ina so, sai kunya ta kama ni. Yaya zan yi?

Matar Mai Agogo

AMSA

Wa alaikumus salam 'yar'uwa. Allah ya jiƙan maigidanki, ya haskaka makwancinsa. Rubutunki ba shi da laifi, na karanta shi sau biyu.

Ƙanen mijinki yana da gaskiyarsa. Hawa na uku ba ƙasa ba ne, watannin farko za ki ga masu zuwa sun ragu, kuma ƙafarki ma tana da haƙƙi a kanki. Masu ginin su ma ba abokan gaba ba ne, gini yakan tsufa a gyara shi. Amma na duba wasiƙarki daga sama har ƙasa, ban ga inda kika ce kin gaji da aikin ba. Na ga inda kika ce kina son taga. Kada ki ji kunyar wannan. Mutumin da ya shekara goma sha tara yana aiki da fitila ba zai yi miki baƙin cikin hasken rana ba.

Shawarata ita ce ki hau. Kafin ki sa hannu, ki ba 'yarki takardar ta karanta miki layi-layi, abin da ba ku gane ba ku tambaya. Ki tabbatar lifta, na'urar hawa benen, tana aiki har hawan naku.

Sannan ki nemi mai zanen nan, ki buɗe aljihun teburin a gabanta, ki faɗa mata labarin dattijon kamar yadda kika faɗa min. Wadda ta rusuna ta gaishe ki za ta saurare ki. Ki roƙe ta ɗan ƙaramin allo kusa da kujerun hutawar, mai nuna cewa shagon mai agogon ƙarƙashin matakala ya koma hawa na uku. Yanzu za ki nema, tun tsarin yana kan takarda. In an ƙi, masu gadi da masu shara suna nan, sun san kowa, ki bi su ɗaya bayan ɗaya ki sanar da su.

Kantar gilashin da kike gudu kuwa, ki sake dubanta. Fiye da shekara agogunan nan suna cikin duhun aljihu, ba mai ganinsu sai ke. Ki jera su a gilashin, ki juya takardun ƙasa. Wanda ya ce wani agogon nasa ne, ya kwatanta miki ranar da ya kawo agogon da abin da ya same shi, ke kuma ki dubi takardar ki dube shi. Dogo mai dariya ba zai yi wuyar ganewa ba. Ba zan yi miki alkawarin duka za su zo ba, amma a can sun fi kusa da masu su.

Teburin ki kai shi gida da kwalinsa, ki ba shi wuri mai kyau. Ba a lungu maigidanki ya bar kansa ba, a hannunki ya bari, hannun da ke murɗa agogo huɗu kowace safiya. Duk inda kika je da su, tare za ku je.

Abu ɗaya kawai za ki saɓa masa: daga yau ki riƙa karɓar lambar waya. Laƙabin kuma ki ci gaba da rubutawa a bayan takardar, ya yi daɗi.

Allah ya sa ki shiga sabon shagon a sa'a, ya ba ƙafarki lafiya, ya kuma kawo miki wanda ya ce gobe.