Ƙuna a Wuyan Farar Riga

Daren Laraba, Zakirai

Yau na ɗauki hoton da zan liƙa a takardar neman gurbin horon ƙwarewa a asibitin koyarwa. Bara na nema, bara waccan ma na nema, shiru.

Tun jiya nake juya kaya. Atamfata mai kyau ta koɗe, hijabin nan ruwan toka kuwa majinyaciya yake mayar da ni, ba likita ba. Na ce bari in sa farar rigata ta aiki. An kwana biyu ba a kawo wuta ba, sai Inna ta ce za ta goge min da dutsen gawayi. Na hana ta, ta ƙi ji. Garwashi ya faɗo ya huda wuyan rigar.

Ta tsaya riƙe da ita. "Hadiza, na cuce ki."

"Ba komai, Inna, mayafi zai rufe."

Ya kuwa rufe. Mai hoto a bakin kasuwa ya ce, "Likita, a ɗan murmusa mana." Na kasa. Nafisa ce ta faɗo min a rai, 'yar ajinmu da nake yi wa bita kafin jarrabawa. Babanta ya buga wa manya waya, ta samu gurbi. Ni ina nan a asibitin garinmu ina neman jijiyar yara da fitilar waya.

Da na dawo, Inna ta kai hoton bakin ƙofa wajen haske, ta daɗe tana dubawa. "Alhamdulillahi, ƙunar ba ta fito ba. Bana ba su da hujja."

Na ce mata haka ne. Ta tashi ta yi alwala, ranta fes. Ban iya gaya mata cewa babu wanda zai kalli hoton ba.